Ƙunshi Uku na Abu Mahrus

Shekara ashirin da biyu ina zaune a bayan tagar sayar da tikiti a silimar unguwarmu ta Shubra, kuma abin da na koya shi ne ɗan Adam ƙazami ne da zarar an kashe masa fitila. Dattijon da ke tattare jallabiya don kada ta taɓa ruwan titi, shi ne zai zauna awa biyu yana tofa ɓawo a ƙeyar na gabansa. Ni kam ba na cin lib, wato soyayyun 'ya'yan kabewan nan. Tun ranar da na ga yadda ake share ɓawonsa cakuɗe da yawu, raina ya fita daga kansa.

Amma mai sayar da shi ina ganin girmansa. Sunansa Gharib, sai dai kowa Abu Mahrus yake ce masa, da sunan ɗansa tilo. Daga kudu ya zo Alƙahira yana saurayi, ya yi dako a kasuwar kayan miya har bayansa ya ƙi, sannan ya kafa amalanke a ƙofar silima, daura da tagata, yana soya 'ya'yan kabewa da gishiri yana ƙunshewa a takarda. Shekararsa arba'in a wurin nan. Gishiri ya tsattsaga masa hannu, in kun gaisa sai ka ji kamar ka shafi bangon da ba a yi wa shafe ba.

Bai taɓa kallon fim ba, ko ɗaya. Ya ce ba zai bar wuta a titi ya je ya zauna a duhu ba. Duk da haka babu wanda unguwar nan ta yarda da hukuncinsa a kan fim kamar shi. Abin da yake yi shi ne, in aka tashi daga nunin farko na sabon fim, sai ya bi bayan Umm Girgis mai shara ya shiga ya dubi ƙasa. In fim ya yi kyau mutane kan manta da bakinsu, ka tarar da ƙasa fes, ga ƙunshi a kan kujera ko rabi ba a ci ba. In kuwa na banza ne, ba abin da ya rage wa mutum sai fasa lib da tofarwa, ɓawo ya yi tudu a ƙarƙashin kowace kujera.

Saboda haka in ka ji wani ya ce, "Abu Mahrus, ƙunshi nawa?" to ba lib yake tambaya ba. In ya ce ɗaya ya ishe ka, shiga da saurinka. In ya ce biyu, ba yabo ba fallasa. In ya ce uku, mutane da yawa juyawa suke su koma gida, shi ya rasa ciniki, ni ma in rasa. Mai silima ya taɓa yunƙurin korarsa a kan haka, unguwa ta tashi masa, ya haƙura. A shekara arba'in ba a taɓa jin ya ce ɗaya a inda uku ya kamata ba. Ba shi da gida na kansa, matarsa ta daɗe da rasuwa, wannan magana tasa ita ce duk abin da ya mallaka.

Sai kuma Mahrus. Shekara goma sha biyar yana zarya wurin masu shirya fim, ana sa shi cikon taro. Ya wuce a kasuwa, ya riƙe tire a biki, sau biyu ya zama gawa. Usta Dasuƙi direban bas, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya raɗa masa suna tauraron ƙeya, wai ita kaɗai ake gani. Mahrus ya kai shekara talatin da bakwai yana murmushin yaƙe a kan wannan suna.

Ana saura mako guda ƙaramar Sallah, uban da ɗan suka zo tagata. Mahrus ya nuna min hoton sabon fim da aka liƙa, Sajan Hayaƙi. Ga wani jarumi mai man gashi cikin kakin 'yan sanda, kusa da shi ga wata halitta koriya mai ƙaho da leɓe har ƙirji, an ɗora mata hular ɗan sanda.

"Sitt Nagat, ni ne wannan," in ji shi a hankali. "Sun sauya min suna a takardar. Don Allah kada kowa ya ji sai fim ya yi kasuwa. Ina so in ga idon Usta Dasuƙi ranar."

Uban kuwa na ga yana shafa gefen hoton da babban yatsa.

Ranar Sallah na rufe taga na shiga nunin ƙarfe goma na safe, na tsaya a baya. Da ma ban shiga ba. Labarin wai wani ɗan sanda ne mai zafin kai aka haɗa shi aiki da aljani, su kamo masu safarar zoben tsafi. Aljanin ta ramin banɗaki yake fitowa, kuma sai da suka nuna mana hakan sau biyar, ko wani bai gane ba. Yana gyatsa hayaƙi ya fito. Yana atishawa wani koren abu ya fallatsa a fuskar mutane. A caji ofis ya zauna yana gwaguyar ƙashi, abin yana dalala a kan takardun ƙara. A duk tsawon fim ɗin Mahrus bai yi magana goma ba, sauran duk gurnani ne.

Duk wannan mutane sun jure, sai ƙarar fasa lib kake ji kamar ana ruwa a kan kwano. Abin da ya tayar da silimar yana ƙarshe. Bayan sun gama faɗa da juna, ɗan sandan da aljanin suka zauna a kan gada za su ƙulla 'yan'uwantaka. Mu dai an sani, wanda kuka ci gurasa da gishiri tare ba ka cin amanarsa. To sai ɗan sandan ya gutsura gurasa, ya buɗe ƙunshin gishiri, aljani ya dangwala ya kai baki, har yana lasar yatsa, ana kaɗa molo mai sa kuka.

Wata tsohuwa ta miƙe daga tsakiya ta ce, "Gishiri? Aljani?" Shi ke nan wuri ya kaure, domin a wurinmu da gishiri ake korar aljanu.

Na riga su fita na koma tagata, don haka duk abin da aka faɗa a ƙofa a kunnena, kuma a kunnen Abu Mahrus.

"Wallahi wanda ya rubuta wannan ba a yi masa suna ba," in ji tsohuwar, tana gyara mayafi. "Gishirin da muke barbaɗawa ranar bakwai, daga ƙofa har ƙarƙashin gado, don wa muke yi? Don ɓera?"

"Ni majinar ce ta gama da ni, ya Hajja," in ji wata mai goyo. "Yarinyata ta amayar da duk abin da ta ci."

Wani malamin makaranta ya ce shi abin da ya dame shi, aljanin da ke ratsa bango me zai yi da ankwa da motar sintiri. Wani ya ce masa, "Ustaz, kai ma dai, ka tsaya neman hankali a masai."

Usta Dasuƙi ne ya fito a ƙarshe, ɓawo har a gashin bakinsa. "Jama'a, jarumin dai mun san shi, da ma ba ya iya komai sai gyaran gashi. Amma wannan koren, a ina suka samo shi? Jakin mai kayan miya in ka sa masa hula zai fi shi. Wallahi in ɗana ne, sai in ce a asibiti aka musanya min. Abu Mahrus, ba ni ruwa in kurkure baki!"

Tsohon ya miƙa masa kofi. Ni ce na ji kamar in fito in watsa wa Usta ruwan a fuska.

Da jama'a suka watse, Abu Mahrus ya bi bayan Umm Girgis kamar kullum. Ita ba ta san komai ba, ta fito tana haki tana cewa yau tsintsiya ba za ta yi ba, a nemo mata shebur, tun da ta fara aiki ba ta ga ɓawo irin na yau ba. Shi kuma ya fito ya koma gaban wutarsa yana juya lib ɗin da ya riga ya soyu.

Kwana biyu yana kauce wa tambaya. In an ce ƙunshi nawa, sai ya ce idonsa na ciwo bai duba ƙasa da kyau ba, ko ya ce kowa ya ɗauki abin da ya ga dama. Wasu suka ɗauki shirun a matsayin yabo, suka shiga da iyalansu, suka fito suna harararsa. Na ji wata tana cewa tsufa ya kama shi. Usta Dasuƙi kuwa cewa ya yi mai silima ya toshe masa baki. Wannan ta yi min ciwo, domin na san ƙarya ce, kuma ba ni da damar faɗa.

Na leƙo na ce, "Abu Mahrus, ka ce biyu mana, a wuce wurin. Wa zai kama ka?"

Ya ce, "Ƙasa za ta kama ni, ya Sitt Nagat. Umm Girgis ta gani, ni ma na gani."

Rana ta uku, nunin ƙarfe uku, layi ya kai bakin titi saboda Sallah ce, mutane ba su da wurin zuwa. Sai ga Mahrus, wanda tun fitar fim ɗin bai leƙo unguwa ba. Fuskarsa duk ta yi ƙuraje saboda gam ɗin da ake manna masa fatar aljani da shi. Bai zo ta gefe ba, layin amalanke ya bi kamar kowa. Usta Dasuƙi yana jingine da bas ɗinsa ya hango shi.

"A'a, tauraron ƙeya! Zo ka kalli wanda ya fi ka lalacewa, ka ji sanyi."

Mahrus bai kula shi ba. Da ya iso gaban uban, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Baba, ƙunshi nawa?"

Duk layin ya juyo, domin kwana biyu ke nan ana jiran wannan amsa. Ni dai na san yaron ya riga ya ji abin da gari ke faɗa. Bakin mutum ɗaya ya rage masa.

Abu Mahrus ya ɗauki takarda ya naɗa, ya cika, ya ajiye. Ya naɗa ta biyu. Ya daɗe riƙe da ta ukun, har na ce a raina ya Rabbi ka sa ya mayar. Ya cika ta, ya jera su a gaban ɗansa.

"Uku."

"Na faɗa muku!" in ji Usta Dasuƙi yana tafi. "Abu Mahrus ya dawo!"

Nan take mutum kusan ashirin suka fice daga layina, suna jan 'ya'yansu. Mahrus ya bi su da kallo har suka sha kwana. Sannan ya tattara ƙunshin ukun, ya ce ƙasa-ƙasa, "Na gaya wa masu fim ɗin maganar gishirin, Baba. Na ce mahaifiyata da hannunta ta barbaɗa min. Suka ce an ɗauke ni in ci ne, ba in yi magana ba."

Tsohon ya naɗa ƙunshi na huɗu ya sa a aljihu. Ya ɗebi ruwa ya kashe wutarsa da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba, ya ja buhu ya rufe amalanken, ya tako zuwa tagata.

"Sitt Nagat, kujera biyu, a jere."

"Kai da bakinka ka ce uku!" in ji Usta Dasuƙi. "Me za ka shiga yi?"

"Uku ne, ban janye ba," in ji Abu Mahrus, bai ko waiwaya ba. "Aljanin ɗana ne. Ba a asibiti aka musanya min ba."

Ban taɓa ganin bakin Usta a buɗe babu magana a ciki ba sai ranar. Uban ya kama hannun ɗan suka shiga, ni kuma na zauna ina jin gyatsar aljani ta bango, ina jin haushin fim ɗin, da masu yin sa, da masu kallonsa, har da kaina.

Bayan an tashi, Umm Girgis ta zo tagata da tsintsiya a hammata. Ta ce ƙarƙashin kujerar Mahrus ɓawo ya yi tudu, ya cinye ukun tas. Sannan ta ajiye min wani abu a kan katakon taga, ta ce a kujerar uban ta tsinta, in mayar masa. Ƙunshin na huɗu ne, a naɗe yadda ya naɗa shi, ko buɗewa bai yi ba.