Ma'aunin Malam a Bakin Taga

Jiya na kai ɗiyata lakwal, makarantar da na yi a Bande, sai na ga ma'aunin ƙarfe na marigayi malaminmu na kimiyya an tokare taga da shi, duk ya yi tsatsa.

Shekarar da ake gina sabon kalas, ya shigo mana da guntun rodin ginin, hannunsa fari fat da alli, bakinsa ja da goro. Ya ce, "Takardar ginin ta ce kaurinsa milimita goma. Ke, zo ki tambayi ƙarfen da kanki." Na danne ma'aunin nan mai sanyi, na karanta bakwai. Ranar muka koyi cewa kowane abu da awonsa a rubuce kafin a ƙera shi.

Ya rubuta wa manya ƙara kan rodin. Amsar da ya samu ita ce aka mai da shi wani ƙauye bayan Mallawa, can ya rasu.

Kalas ɗin ya tsage tun daga sama har ƙasa, kuma ciki aka zaunar da ɗiyata.

Allah ya ji ƙanka, Malam. Su kuma Allah ya auna musu daidai.