Dutse Mai Lamba 2318

Shekara talatin Ngadimin ya yi a cikin ramin kwal na garin Sawahlunto yana kewar sama. Da aka rufe ramin kuma, sai ya koma kallon ƙasa. Ba ya iya zama. Da hantsi yana bakin kogi, da azahar yana bayan tsohuwar tashar jirgi, yana tari, yana leƙa dokin ƙofar mutane.

Kakansa yake nema. A cikin sarƙa Turawan Holan suka kawo shi daga tsibirin Jawa, suka zana masa lamba a dantse, 2318, kuma ita kaɗai aka sassaƙa a dutsen kabarinsa. Mahaifiyar Ngadimin ta haddace ta tun tana zuba wa tsohon ruwan alwala. Daga baya gari ya cinye makabartar, duwatsun suka watse, wani ya zama matakala, wani murhu.

"Mbah," in ji masu shan kofi, haka suke kiran tsofaffi, "allura ce ta faɗi?"

"Hankalinku ne ya faɗi, shi nake taya ku nema."

Ranar wata Talata ruwan sama ya wanke ƙofar rumfar Rosnani mai taliya. Dutsen da aka gitta a kan kwata ya fito fes. Ngadimin ya durƙusa, ya bi lambar da yatsa har sau uku.

"Uni," ya ce, yana girmama ta da sunan yaya, "kakana kike takawa."

"Kai Mbah! Shekara ashirin bai taɓa yin ƙorafi ba." Sai ta ajiye ludayi. "Ɗauka. Amma ka kawo mini katako, kada masu cin taliyata su ƙare a kwata."

Ƙyauren kejin kajinsa ya ciro ya kawo mata. Ya ɗaure dutsen a bayan keke, ya tura zuwa gangaren da makabartar take a da. Gidaje ne, da shanya, da wani yana wanke babur. Ya hau, ya sauko, ya sake hawa. Babu wanda ya san inda kabari ko ɗaya yake.

Da la'asar ya shigo gida da dutsen, gumi sharkaf. Matarsa Sumirah tana dakan barkono.

"To, ka same shi. Ina za ka kwantar da shi? A gadona?"

"A kaina, ranar da na tafi."

"Ka kwanta ƙarƙashin lamba kamar fursuna?"

"A sassaƙa sunana a bayansa. Ni ina da suna da kabari, shi yana da dutse. Sai mu haɗa."

Ta tura masa kujera da ƙafa. Ya zauna. Ko shayin da ta zuba masa bai huce ba ya miƙe, wai bari ya je ya ji ko mai sassaƙa yana nan.