Sunayen da Na Goge da Hannuna

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba na jin zai iya cinye ranar da kakata ta kama ni da ƙarya a garin Isa, littafi buɗe a kan cinyata. Shekaru sun shuɗe, ni ma yanzu ina koyarwa, ɗalibai suna russuna mini, amma duk sanda na tuna sai abinci ya fita raina.

Lokacin ina digiri na biyu a sashen Turanci na wata jami'a. Sashe ne mai rai, wannan kam ba zan ɓoye ba. Kowace Laraba da la'asar mukan taru a ƙarƙashin darbejiya, mai waƙe ya karanta, mai gajeren labari ya karanta, mu yi masa kaca-kaca, sannan a tashi ana dariya. Ni 'yar ƙauye ce daga wajen Tozai, Turancina na littafi ne, da na buɗe baki sai in ga ana murmushi. Abu ɗaya nake da shi wanda 'yan birni ba su da shi, wato kakata da waƙoƙin niƙa da ke cikinta. Da na gaya wa farfesan da ke duba aikina cewa ina so in rubuta su in fassara zuwa Turanci, har miƙewa ya yi daga kujera. Ya ce na tono zinariya. Ni kuwa, wauta, na ɗauka ni ake yabo.

Kakata tana da wata al'ada. Ba ta taɓa fara waƙa sai ta ambaci inda ta samo ta. Za ta kira sunan innarta, da na gwaggon innarta, da na wata tsohuwa makauniya da ta zauna kusa da kufan Alkalawa, tsohon birnin Gobir, ta yi musu addu'a, sannan ta ɗauki waƙar. Ko sau goma za ta yi a yini, sau goma za ta jero su. Ranar da na ajiye wayata a gabanta don in ɗauki muryarta, sai ta dafe wayar da tafin hannu.

"Waƙoƙin ga ba nawa ba na, amana ta," in ji ta. "In za ki kai su birni, ki tahi da masu su. In ba ki iyawa, bar mini abina."

Na ce na yi alkawari. Ta ba ni ashirin da 'yan kai. Ta ce akwai saura, na shekarun yunwa da na matan da mazansu suka tafi Nijar fatauci ba su dawo ba, amma sai ta ga abin da na yi da na farko.

Na yi wata takwas ina fama da fassara. Da na kai wa farfesa, ya zaro jan biro ya bi kan kowace waƙa yana zana layi a kan sunayen. Ya ce maimaici ne, mai karatu a ƙasar waje zai gaji. Na ce, "Ranka ya daɗe, ta ce amana ce." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke adabi kike yi ko rabon gado?" Na yi dariya, don a sashenmu in farfesa ya yi raha dole ka yi dariya. A ranar na koma ɗaki na goge su ɗaya bayan ɗaya. Na jima ina son in ɗora masa laifin duka, amma yatsana ne ya danna.

Saura mako biyu in kare aikina sai ga littafi ya fito. Waƙoƙin kakata ne da Hausarsu, Turancin da ke gefensu kuma fassarata ce har da inda na yi tuntuɓe, sunan farfesa kuma shi kaɗai a bango. A shafin godiya ya gode wa "matan karkara" da "wata ɗaliba mai ƙwazo". Aka shirya bikin ƙaddamarwa a babban ɗakin taro, aka ce ni zan rera waƙa ɗaya da Hausa, tunda harshena na Gobir ne, zai yi armashi.

Na tsaya gaban jama'a, lasifika a hannu. Sunayen nan uku suka zo mini har bakin leɓe. Ba wanda zai iya hana ni faɗinsu, numfashi ɗaya ne. Sai na kalli farfesa a kujerar gaba, na tuna sa hannunsa nake jira. Na haɗiye su, na fara waƙar kai tsaye. Aka yi ta tafi. Wata malama ta rungume ni ta ce na fitar da sashe kunya.

Da na samu digirina sai na tafi gida da kwafi ɗaya. Lokacin rashin kwanciyar hankali ya taso mutanenmu daga ƙauye, kakata tana zaune gidan kawuna a Isa, dutsen niƙanta ma can aka baro shi. Idonta ya yi rauni sosai. Da hantsi na same ta a tabarma, na sa mata littafin a hannu. Ta shafa bangon, ta sunsuna takardar, ta yi murmushi irin wanda ban ga ta yi ba tun da suka baro gida.

"Karanto mini, ɗiyata, in ji yadda anka rubuta innata."

Na buɗe shafin farko. Na jero sunayen uku da addu'arsu, idona a kan takardar da ba su cikinta, sannan na shiga karanta waƙar. Ban kai ƙarshen baiti na biyu ba ta ɗaga hannu.

"Tsaya. In kina karatun takarda, muryarki sannu take tahiya, kamar mai taka ƙaya. Sunayen ga da gudu sunka hito. Daga kanki kinka ɗauko su."

Na so in ce farfesa ne, na so in ce haka tsarin boko yake, bakina ya ƙi. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta rufe littafin a hankali ta miƙo mini.

"Ai shi ke nan. Innata ta mutu yau."

Na ƙara kwana huɗu a gidan. Tana amsa gaisuwata, tana sa mini albarka, har fura ta sa aka dama mini ranar da zan tafi. Amma da na ajiye waya a gabanta na roƙi sauran waƙoƙin, sai ta ce ta manta. Matar da ba ta taɓa manta sunan akuyar maƙwabta ba. Damina biyu bayan haka ta rasu, ta tafi da su.

Littafin yana nan a ɗakin karatu, ɗalibaina suna kawo shi a cikin aikinsu, suna yabon farfesa da ƙoƙarin ceto al'ada. Ni kuma nakan tsayar da darasi in faɗa musu sunayen uku, su rubuta don sun ga fuskata ta canza. Ba ya maido komai. Abin da na koya shi ne, mai ƙarfi yana iya ƙwace maka aiki, wannan ciwo ne da ke warkewa. Amma amanar da ka saki da hannunka don tsoron wani, ba wanda zai ƙara ba ka irinta. An ba ni numfashi ɗaya in faɗi gaskiya, na adana shi, ga shi har yau ina numfashi, waƙoƙin kuwa suna ƙasa.