Zarge a Wuyan Akuyata

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya koya mini ɗaurin zarge ina yarinya, a gonarsa ta tattasai a bakin kogin Komadugu. Da zarge muke tsuke bakin buhu, da shi muke ɗaure dammin itace, da shi ake cafke ƙafar tunkiya mai gardama. Ɗauri ne da ke ƙara matsewa duk lokacin da aka ja. Shi ya sa ba a sa shi a wuyan dabbar da ake so. Ita ƙulli tsayayye ake yi mata, a bar wurin shigar hannu.

Shekarar da kogi ya yi ambaliya ya cinye unguwarmu, muka koma rumfar leda a bakin titin Diffa. Dukiyata duka akuya ɗaya ce, ja mai farin goshi, kuma da nononta nake yaye 'yata. Babu wurin ɗaure ta a rumfa, sai na kai wa kawu, tunda gidansa a kan tudu yake. Kullum da safe nakan je in tatso.

Wata safiya ya tare ni a ƙofa, fuska a ɗaure. Wai akuyar ta kwance ta gangara kogi, ruwa ya tafi da ita. Ni sakarya har haƙuri na ba shi, na yi masa sannu da wahalar nema. 'Yata ta koma kunu tsura, tana sha tana turewa.

Ran kasuwa na bi ta wajen dabbobi, sai ga farin goshin nan a hannun dillali, zarge a wuya, kawu na tsaye a gefe. Raina ya ɓaci.

Kawu ko kunya bai ji ba. Ya ce, "'Yata, kin shigo kasuwa?"

Na durƙusa na ce, "Na shigo, Kawu. Ina wuni?" Me zan ce wa ɗan'uwan uwata a gaban jama'a?

Akuyar ce ta ji muryata. Ta yi kuka, ta fizgo wajena, igiya ta shaƙe ta har idanunta suka fito. Na matsa zan kama ta, ta ƙara ja, ta ƙara shaƙewa.

Dillali ya ce, "Baiwar Allah, ki ɗan yi nisa, za ta kashe kanta."

Na miƙe na shige cikin masu buhunan tattasai, inda ba za ta hango ni ba, don ta samu ta yi numfashi.