Haruffa Biyu a Bakin Rijiya

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan manta da lokacin da aka gama mana rijiyar siminti a ƙauyenmu na wajen Dingaya muka ƙi shan ruwanta ba. Shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ne. Ina ɗauke da cikin fari, ƙafafuna sun kumbura, ga bazara ta tsaya cak. Ruwa kuwa sai a yashin rafi, a tona, a jira ya tsatso, a ɗauko tulu a hauro tudu ana nishi.

Ma'aikatan gwamnati ne suka haƙa ta. Ranar tafiyarsu babbansu ya leƙa ciki, ya ɗauki tsinke ya zana haruffa biyu a ɗanyen simintin bakinta, O da K, ya faɗa mota. Bai faɗa wa kowa ma'anarsu ba, kuma har yau ina jin haushinsa. Mu abin da muka sani, in duba-gari ya yi rubutu a jikin rijiya to ya kashe ta ke nan, haka aka yi wa ta kasuwa da jan fenti. Sai mai unguwa ya ce kada wanda ya zura guga sai an san abin da aka rubuta.

Nan fa maza suka samu abin yi a gindin tsamiya, mu muna jiyo su ta bayan zana. Wani tsohon soja ya ce, "Oke ne! A yaƙin Bama in Bature ya duba bindigarka ya ce oke, ka tsira." Tela ya ce, "Kai dai Baba, komai Bama. Mai rubutun sunansa ya taƙaita, yadda nake sa alama a rigar mai ita." Da malamin makaranta ya zo daga Birnin Kudu a kan kekensa, ya ce 'yan jaridar Amurka ne suka gutsure kalmomin "komai daidai" na Turanci don wasa, wasu kuma na cewa daga bakin bayin da aka kwasa daga ƙasashenmu ta fito. Mai unguwa ya ce, "To Malam, a sha ko kada a sha?" Malamin ya ce, "Wallahi kalmar na sani, ruwan ban san shi ba."

Ni kuwa in na dawo daga rafi nakan sauke tulu in jingina da rijiyar. Simintin akwai sanyi. Can ƙasa ga sama a kwance, gajimare na ratsa fuskata a hankali. Sai in riƙa ganin kalmar nan tana tafe, ta hau jirgin ruwa, ta kwana a dajin Bama, ta bi motar gyaɗa, ta zo har ƙauyenmu ta zauna ta ƙi magana. Wani lokaci har gyangyaɗi ya ɗauke ni, in yi mafarkin ruwan ya taso da kansa.

A haka surukata ta same ni wata azahar. Mace ce mai faɗa, tsoronta nake ji. Ta dubi ƙafafuna, ta daɗe tana duba. Sai ta bi haruffan da yatsa ta ce, "Wannan zagayen bakin rijiya ne. Wannan kuma mace ce a tsaye ta miƙa hannu tana jan igiya. Me kuma ake nema?" Ta aika aka kawo guga. Na ce, "Inna, in guba ce fa?" Ta ce, "Sai ku huta da bakina." Ta yi bisimilla ta sha ta ƙoshi, ta zauna a ƙasa kowa na kallo. Ta hana ni ko ɗanɗanawa. Ina jin ta tana ta addu'a ƙasa-ƙasa, ashe ita ma tsoron take ji. Sai da aka kira la'asar tana nan garau, sannan ta miƙo mini ƙwarya, na sha ina hawaye.

Da ruwan nan aka yi wa ɗana wankan fari. Yanzu jikokina oke suke ce mini a waya, kuma na yarda malamin nan gaskiya ya faɗa. Amma abin da na koya shi ne, duk yawan masu bayani, sai an sami mai ƙaunarka da zai riga ka sha. Igiya ta cinye rabin rubutun, amma duk ranar da na je nakan shafa wurin, in ga Inna a tsaye.