Ciwon da Baba Ya Ƙi Ɓoyewa

A lokacin da abin nan ya faru ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, an sa mini rana, babu abin da ke gabana sai haɗa kayan ɗaki. Mahaifina baduku ne a cikin Birni, mutum marar yawan magana. Ciwonsa daga hannu ya fara: yatsunsa suka riƙa mutuwa, har basilla ta faɗi bai sani ba. Muka ce aiki ne da shekaru. Daga baya ƙafafu suka soma kumbura, tafiya masallaci ta koma sai ya tsaya ya huta. Babu wanda ya furta, amma kowa ya tuna haka kakanmu ya yi, haka wan Baba ya yi kafin Allah ya karɓi abinsa. A dangi an daɗe ana cewa jifa ce wani gida na maƙwabta suka yi mana, har muka tashi ba ma gaisawa da su.

Muka kai shi asibitin Damagaram, daga nan aka tura mu Yamai. Likitan zuciya ya duba shi da na'ura, aka ɗebi jini aka aika waje, muka daɗe muna jira. Da sakamako ya fito, likitan ya ce akwai wani sinadari da hanta ke yi, wanda a jikin Baba ya zo da ɗan sauyi tun daga halitta, shi ke taruwa a naman zuciya har ta yi tauri ta kasa aiki sosai. Ya ce gado ne, ɗa yana iya ɗauka, yana iya tsira, kuma ba duk wanda ya ɗauka ciwon ke tasar masa ba.

A mota, muna hanyar dawowa, na roƙi Baba ya rufa mana asiri har a ɗaura aurena. Sai ya ce, "Uwata, da yayana ya san abin da na sani yau, da bai ƙare a hannun masu turare ba. Ba zan ci amanar jinina ba, kuma ba zan ba mutane 'yata a rufe ba."

Baba, mutumin da ke haki kafin ya kai zaure, shi ya shiga motar kasuwa ya je Tirmini, ya je Zermu, ya je Gaffati, gida gida, yana gaya wa dangi duk mai mutuwar yatsu ko kumburin ƙafa ya je a duba zuciyarsa. Wasu suka ce ya tona musu asiri. Ya shiga gidan maƙwabtan nan ya durƙusa gaban tsohonsu, ya ce mun zalunce su da zato, su yafe mana. Daga ƙarshe ya je wurin mahaifin wanda zan aura ya faɗi komai. Suka ce za su yi shawara, ba su dawo ba.

Na yi kuka, na daina zama hira da shi, wannan ne ke ci mini rai har yau. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Ana cikin haka gwaggona ta Gaffati, wadda ta daɗe tana kukan hannu, ta je aka duba ta aka tarar ciwon ya fara. Yanzu tana ƙarƙashin kulawar likita, ta rage gishiri, tana goyon jikokinta. Ranar da Baba ya rasu, 'ya'yan maƙwabtan nan na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Ni ma na yi gwajin, kuma ina ɗauke da shi. Mijin da na aura daga baya, ni da bakina na gaya masa tun ranar da ya fara zuwa, ya ce lafiya ta Allah ce, shi ke raka ni asibiti. Na koyi cewa ciwon gado ba abin kunya ba ne, ba kuma aikin wani ba ne. Ina kira ga duk gidan da ke binne mutanensa da alamu iri ɗaya: ku je likita, ku gaya wa juna gaskiya tun da sauran lokaci. Wanda kuma Allah ya ba uba irin nawa, ya gode masa tun yana ji. Ni sai a bakin kabarinsa na yi.