Yadda Yero Ya Kashe Tafki

Mutane da yawa, in an cuce su, ba haƙƙinsu suke nema ba. Burinsu su ga macucin ya durƙusa, ko da faɗuwarsa za ta haɗa da su. Yero yana cikin waɗannan.

Makiyayi ne da ya zauna gefen Dabawa, shanunsa na sha a wani tafki da ba ya ƙafewa. A ranin 1956 Malam Atiku, mai lambun albasa a bakin tafkin, ya faɗaɗa lambunsa, ya toshe mashayar da ƙaya. Yero ya same shi yana jan jigo, yana ban ruwa.

"Malam, ina shanu za su sha?"

"Tambaye su mana, Yero. Da suka cinye mini albasa bara, shawarata suka nema?"

Tilas ya riƙa kora garken wajen Kurfi neman ruwa, har saniyarsa mai ciki ta faɗi a hanya ta mutu. Bai kai ƙara ba. A nan laifinsa ya fara, domin mai kai ƙara gyara yake so, shi kuwa ba gyara ya nufa ba.

Da ya dawo daga kiwo a fadamun gabas, ya taho da saiwar kacala cikin jiƙaƙƙiyar salka. Ciyawar ruwa ce da ta fi mutum tsawo, ya kuma ga yadda take haɗiye fadama. Ya tura ta cikin laka gindin jigon Atiku, ya koma ya zuba ido. Cikin shekara huɗu guga ya daina samun ruwa sai saiwa. Albasa ta ƙone, Atiku ya kwashe iyalinsa zuwa Dutsin-Ma. Ran tashinsa Yero ya tare shi a hanya.

"Malam, ka manta ƙayarka."

Amma ciyawa ba ta san wanda aka aike ta gare shi ba. Ta rufe mashayar ita ma, tsuntsayen jan baki suka tare cikinta suna cinye geron gari. Da mai gari ya kira gayyar sara, Yero ya ƙi fita, ya ce shi sanda ya gada, ba lauje ba. Masu gayya suka sare, ta sake tofowa.

Yero ya rasu a 1967, saura shanu uku gare shi da yake jawo wa ruwa a rijiya da hannunsa. Waɗanda suka je gaishe shi a ciwon ajali sun ce abin da ya riƙa tambaya ɗaya ne: ko Atiku ya sake yin lambu.